Waƙar Komawa Gida da Malam Ya Bar Mini

Shekara goma sha ɗaya ke nan, da wannan Muharram da ya kama, tun da aka fita da Malam daga ɗakinmu na unguwar Mansur aka kai shi Harami aka yi masa salla. Ni ban san rubutu ba. Maƙwabciyata Malama Sa'adatu, wadda ta biyo mijinta karatu nan Makka, ita ke riƙe da alƙalami, ni baki kawai na kawo. Na roƙe ta idan kuka ya ci ƙarfina ta jira ni, kada ta cike mini wurin da tata maganar. Sunansa kuwa ba za ku gani a nan ba. Ban kira shi da shi yana raye ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Malam nake ce masa, haka ɗalibansa, haka duk unguwa.

Malamin makarantar boko ne a garinmu, can ƙasar Hausa, yana koya wa 'yan firamare karatu da lissafi. Kuma mai waƙa ne, ba ta kiɗa ba, irin mai baiti da amshi. Hutu ya ɗauka don mu zo mu sauke farali mu koma. Makullin kabad ɗin ajinsa ma abokin aikinsa ya ba, ya ce ya riƙe masa kafin ya dawo. Ta ƙasa muka zo, a bayan manyan motoci, mu sauka nan mu yi jira, mu sauka can mu yi jira, har muka ƙetare teku. Muka yi Hajji, sai ga ni da ciki. Ya ce a bari in sauka. Na sauka, yaron ya zo da laulayi, aka ce a bari ya yi ƙwari. Da ya yi ƙwari sai wata ta biyo. Daga nan maganar takardun zama ta shigo, in ka fita ba ka da tabbacin dawowa wurin 'ya'yanka. Ba mu taɓa zama mun ce mun fasa komawa ba. Baɗi kawai muke cewa, baɗin kuma ta yi ta janmu har furfura ta rufe mu.

Takardar malantarsa ba ta yi masa amfanin komai ba a nan. Lokacin aikin Hajji yakan tafi Arfa yana yi wa alhazai tafinta, yana mai da waɗanda suka ɓace zuwa tantinsu, ni kuma ina cikin masu dafa abinci. In an watse sai ya tara yaran unguwa a ƙofar ɗaki yana koya musu karanta Hausa. Da fari iyaye sun turo da yawa. A hankali suka ga Larabci ne zai ba yaro aiki, suka riƙa janyewa. Bai taɓa ganin laifinsu ba. Yakan dai shimfiɗa tabarmar kullum, ko mutum biyu ne suka zo.

Wanda bai zauna Makka ba bai san yadda garin yake ba idan alhazai sun tafi. Jiya titi cike da Hausa, mutum ya ji kamar kasuwar garinsu ce aka ɗauko aka kawo masa, yau kuma sai kyanwoyi da warin kwalta. A irin kwanakin nan Malam ba ya cin abinci sosai. Yakan zauna bayan la'asar ya jingina da bango, can sai ya yi gyaran murya. Da na ji wannan gyaran muryar na san waƙa ta zo, sai in jawo tiren shinkafata in zauna kusa ina tsinta.

Waƙa ɗaya ce ya yi ta yi duk zamanmu. Waƙar komawa gida. Ya ɗauko hanyar da muka biyo ya juya ta, daga Makka zuwa Jidda, a ƙetare teku, a ratsa Sudan, a shiga Chadi, a faɗo Barno. Duk shekara idan alhazai suka tafi suka bar shi sai ya ƙara zango ɗaya. Yakan faɗi abin da za mu ci a wurin, da wanda za mu gaisar, da rijiyar da muka sha ruwa a zuwa. Shi ke ja, ni ke amshi. Amshin ba sabo ba ne, tun a gida ya yi wa 'yan ajinsa shi, suna yi in an tashi makaranta:

Rana ta juya, mu kama hanya,
Inna ta ɗora, tana jiranmu.

Na sha ce masa ya rubuta, tunda shi Allah ya ba shi hannu. Sai ya ce, "Waƙar hanya ce, Hajiya. Wa ya taɓa rubutu a bayan mota? Sai mun isa. In zauna gindin bishiyar makaranta in rubuta ta da kyau." Na ce to kafin nan ina za ta zauna? Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ga kabad ɗina nan." Dariya na yi a lokacin. Yau kam ba na yi.

Da waƙar ta shigo ƙasar Hausa sai tafiya ta yi nauyi. Mutumin da ya ratsa rabin Sudan a zango ɗaya, ga shi yana kwana a kowane ƙauye, yana tsayawa kowace kasuwa yana taya kaya. Wata rana na ce masa, "Malam, motar nan taku ta lalace ne? In ba za ta kai mu ba mu sauka mu taka." Ya yi dariya har da tari. Da ya lafa sai ya ce, "In na shiga garin me zan ce musu? Na ce wa 'yan ajina su jira ni bayan Salla." Ban sake yi masa wannan wasan ba.

Ciwonsa bai daɗe ba. Maza suka ɗauke shi, ni na tsaya bakin ƙofa, tunda mace ba ta bin gawa. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce mini in gode wa Allah, Malam ya samu abin da duniya ke roƙo, an yi masa salla gaban Ka'aba, ƙasar Makka ta rufe shi. Na gode, har yanzu ina godiya. Amma kabari a nan ba suna, ba alama, duwatsu ne a jere iri ɗaya. Ɗana ya koma bayan wani lokaci don ya yi masa addu'a, ya dawo ya zauna ya ce, "Ummi, na yi wa duka layin, ban gane wanne ne ba." Bayan 'yan shekaru aikin faɗaɗa gari ya biyo ta lungunmu, aka rushe ɗakin da bangon da yake jingina. Muka dawo unguwar Utaibiyya. Na sa an bi da ni ta wurin a mota sau ɗaya, titi ne shimfiɗe, ban ma iya nuna inda ƙofarmu take ba.

Duk da haka bai bar ni ba. A ɗakin nan da bai taɓa shiga ba, in la'asar ta yi sanyi, nakan ji gyaran muryarsa ta bayan kafaɗata ta dama. Ba mafarki nake faɗa muku ba, idona biyu, hannuna cikin aiki. Nakan ajiye abin da nake yi in saurara. Ba abin da ke biyowa. Na yi wa wani malami maganar, ya ce in yawaita istigfari, kewa ce. Na yawaita. Ina dai ji.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yau. Alhaji ya karya kumallo a Kano ya yi azahar a Jidda, bai san sunan gari ko ɗaya da ya wuce ta kansa ba. Jirgin ƙasa na ɗaukar mutane zuwa Arfa. Garuruwan da ya yi wa baiti a Sudan, yanzu in na ji sunansu a rediyo labarin yaƙi ne da gudun hijira, hanyar da muka biyo ba mai bin ta. Jikokinsa kuwa in na yi musu Hausa sai su amsa mini da Larabci, "Sitti," wato kaka, "me kika ce?" Ina jin jirgin sama ba zai dame shi ba, mutum ne mai son ganin sabon abu. Jikokin ne za su sa shi shimfiɗa tabarma. Zai zauna ya jira ko ɗaya zai zo.

Abin da ya hana ni sakat duk shekarun nan shi ne waƙar. Ba ta a takarda, ba ta a kaset, ba ta a kan kowa sai ni. Bayan na fita takaba na zauna in yi ta ni kaɗai, sai na tarar da abin da ban taɓa lura da shi ba. In na ja baiti na yi wa kaina amshi, baiti na gaba ba ya zuwa. Nakan bar Makka lafiya, in isa Jidda, in tsaya bakin teku, sai in ji bakina ya sake komawa farko. Ashe shekara da shekaru kunnena ya saba da murya biyu. Sai wata murya ta ɗauki amshin, a cikin wannan ɗan numfashin da nake hutawa, sannan na gaba ke faɗo mini.

Na sa autata Zainabu ta gwada. Ita a nan aka haife ta, Hausarta ta kasuwa ce, tana da shagon abinci a Mansur. Ta iya kalmomin tsaf, ta ajiye waya tana ɗaukar muryarmu. Amma Zainabu sai ta jira na gama baiti, ta yi shiru na ladabi, sannan ta shigo. Amshin nan kuwa ba haka ake yinsa ba. A kan wutsiyar baitin ake hawa, tun mai ja bai rufe baki ba, yadda yara ke yi suna ɗokin fita daga aji. A cikin wannan ɗan shirun nata sai baitin ya suɓuce. Na ce, "Ke, shigo da wuri mana, ba gaisuwar surukai ba ce." Ta ce, "Ummi, kin ce kada in katse babba yana magana, yanzu kuma kin ce in katse ki. Wallahi kin gajiyar da ni." Muka yi dariya, ta kashe wayar, na shiga ɗaki na yi kukana. Malama Sa'adatu ma ta gwada, ita kuma karanta shi take yi kamar hadda, kunya ba ta bari ta saki murya.

Shekaru suna tafiya, ina jin abin yana zubewa. Wani lokaci rabin baiti zai zo mini ina alwala, kafin in idar ya tafi. Na fara manta inda na ajiye carbi, na kira jika da sunan uwarta. Tsoron da nake ji ba na mutuwa ba ne. Tsorona in mutu da ajiyar mutum a cikina, a rufe mu tare a wani layin da ba suna, ya zama Malam bai taɓa yin waƙa ba a duniya.

Bana, bayan an sauko daga Arfa, alhazai suna jiran jirginsu, Zainabu ta ɗauke ni zuwa shago don kada in wuni ni kaɗai. Lokacin nan matan Najeriya kan cika wurin, sun gaji da shinkafa da burodi, suna neman tuwo da miyar kuka. Ina zaune daga ciki ina gyaran kuɓewa, ban ma san bakina yana motsi ba. Na ja baitin farko ƙasa-ƙasa. Ban rufe baki ba sai na ji daga bayana, daga dama:

Rana ta juya, mu kama hanya.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na kasa waiwayawa. Sai da na ji an tauna ƙashi an yi tsaki sannan na juya. Wata mata ce jibgegiya, za ta yi sa'ar ɗiyata ta fari ko ta ɗara kaɗan, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, hannunta dumu-dumu da miya. 'Yan uwan tafiyarta suna ce mata Hajiya Kande.

Na ce, "Baiwar Allah, ina kika san wannan?"

Ta ce, "Wanne, Inna? Au, waƙar tashi? Ai kowa ya san ta a garinmu. Mun yi ta muna 'yan aji ɗaya, jikokina ma yanzu ita suke yi, har sun ishe ni. Ke ce dai na ji kin sa mata wani kai da ban sani ba."

Na tambaye ta garinsu. Ta faɗa. Garinmu ne.

Na ce, "Wa ya yi ta?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta wa ya yi ruwan sama. "Waƙar yara kuma wa zai yi ta? Tasowa muka yi muka tarar da ita."

Na ce mata mijina ne ya yi ta. Ta ce, "Allah sarki, Allah ya jiƙansa," irin yadda ake ce wa tsohuwa don a rabu lafiya. Ban ja ba. Na ce in ta gama cin abinci ta taimake ni da amshi. Ta ce, "Inna, ni da na zo aikin Hajji ki sa ni waƙa a tsakiyar kasuwa? In shugabar tawagarmu ta ji ai na shiga uku." Zainabu ta leƙo ta ce za ta ƙara mata nama. Hajiya Kande ta ce, "To ja mu je, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na ja, ta hau. Ba ta jirana, ba ta tausaya mini, tana buga cinyarta da hannun da bai taɓa miya ba. Muka bar Jidda. Na ji teku ta wuce ƙarƙashina, abin da rabona da shi tun Malam na da rai. Baitoci suka riƙa zuwa da kansu, wasu ban san suna nan ba, da rijiyar da muka sha, da matar da ta ba ni zane a Sudan lokacin da nawa ya yage. Zainabu ta bar tukunya ta ɗaga waya. Can wasu daga cikin matan da ke cin abinci suka shiga amshin. A cikin Chadi na tsaya cak. Hajiya Kande ta maimaita amshin, ta sake maimaitawa, ba abin da ya zo. Zangon nan ya tafi, na san akwai wani dattijo mai raƙuma a ciki, iyakar abin da ya rage ke nan. Ta ce, "Tsallake, Inna, direba ya yi gudu a nan." Na tsallake, muka faɗo Barno. Wurare irin wannan sun kai uku ko huɗu. Sauran duk sun fito.

Da muka kusa gida sai ta daina buga cinya. Ta fara jin sunayen ƙauyukan da ta sani, kasuwar da take saro gyaɗa, garin da aka kai ƙanwarta aure. Muryarta ta canza amma ba ta saki ba. Har na kawo baitin da Malam ya yi a shekararsa ta ƙarshe:

Ga rimin garinmu can ƙetare,
Ga mata suna wanki kan dutse,
Mai fito, kawo jirginka,
Baƙon nan ɗan gida ne.

Ta yi amshi, ta jira. Na ce mata shi ke nan, nan ya tsaya.

Ta ce, "Bai ƙetare ba?"

Na ce bai ƙetare ba.

Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Ikon Allah. Ai Inna an yi gada tun ina budurwa. Ba mai fito yanzu, jirgin ma ya ruɓe. Mota ke wucewa har ƙofar makaranta."

Motarsu ta zo, aka yi ta kiranta, ta tashi tana neman takalmi. Ta riƙe hannuna ta ce in faɗa mata sunansa ta kai gida. Zainabu ce ta faɗa mata. Ban sani ba ko ta riƙe, mutum mai tsaraba a kai da jikoki a rai.

Yanzu waƙar tana cikin wayar Zainabu, da ƙarar cokula da muryar masu neman ƙarin miya. Malama Sa'adatu ta kwashe ta a takarda, ta bar fili a wuraren da na tsallake. Nauyin da na ɗauka shekara goma sha ɗaya ya sauka, ban da waɗancan zangunan da na zubar a hanya, su kam sai dai Malam ya yafe mini. In na auna abin da ya rage nasa, ba kabarin da za a nuna, ba bango, ba ɗalibin da ke tuna fuskarsa. Akwai yara a wani gari da ke tashi makaranta da kalmominsa a baki, suna tsammani tare da garin aka halicce su. Na yi ta juya abin ko ya ishe shi. Ina jin zai ce ya isa, har ya yi dariyar nan tasa mai tari.

Ɗana ya ce in ƙara baiti ɗaya in shigar da shi gari, tunda na fi kowa sanin muryarsa. Na gwada, ba nawa ba ne. Ni amshi aka ba ni.

Ban faɗi sunan garinmu ba, amma duk wanda ya karanta wannan ya ji amshin ya motsa a bakinsa ya san inda nake nufi. Roƙona gare ku ɗaya ne. In kun zo wucewa ta kan gadar nan, ku ce wa direba ya sassauta, ku yi wa wani malamin firamare fatiha. Ni dai tun ranar nan, in na idar da salla na yi masa addu'a, nakan ɗan juya dama in faɗa masa a hankali, ko Allah zai sa ya ji: Malam, daina kiran mai jirgi, an yi gada, taka ka shiga.